A Mayar da Buhun Bayan Labule

Zuwa ga Baba Alhaji Tanimu, Shugaban ƙungiyarmu ta Hausawa masu sayar da albasa a Adjamé, Abidjan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ɗa ga uba, ina fatan kana lafiya, da Hajiya Babba da sauran iyali. Yaya fama da jama'a? Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Ranka ya daɗe, ni ne Salisu, ɗan marigayi Malam Garba mai albasa, mazaunin unguwar Arras a Treichville. Ka san ni tun ban san kaina ba, domin kai ka yanka ragon sunana. Na faɗi sunana ne saboda waɗanda za su ga wannan takarda a ƙofar magazin ɗinmu, inda muke sauke kaya, kada a ce wani ne ya laɓe ya rubuta. A garin nan aka haife ni, bokon Faransanci na yi, don haka inda Hausata ta karkace a yi mini afuwa.

Da son raina ne da ban fito da maganar nan fili ba. Na zo gidanka ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kullum sai a ce ka fita, alhali ga takalmanka a bakin ƙofa. Sai ranar Juma'ar da ta wuce, ana sallame salla, Sakataren ƙungiya Lawali ya tare ni a bakin masallaci, ya ce kwamitin ladabtarwa yana nemana ranar Lahadi mai zuwa. Na san abin da kiran nan yake nufi. Korata za a yi daga ƙungiya, kuma kowa ya san wanda aka kora ba a ba shi wuri a magazin, ba a zuwa sunansa, ba a zuwa jana'izar gidansa. Ba zan yi maka cika baki ba, Baba Alhaji, tsoro nake ji.

Na ɗaya, ina so in tuna maka ƙa'idar da kuka kafa da hannunku.

Lokacin da kai da mahaifina da sauran dattawa kuka haɗa ƙungiyar nan, kusan babu mai karatun boko a cikinku. Duk da haka kun zauna kun yanke shawara, aka rubuta da ajami, daga baya aka juya ta zuwa Faransanci aka kai wa hukuma. Kun ce shugaba zai yi zango biyu na shekara uku-uku, sannan ya sauka. Kun ce ba a taɓa ƙa'ida sai da yardar jama'a. Yardar nan kuma ba da ɗaga hannu ake nemanta ba, da goro ake nemanta.

Saboda yaran yanzu da ba su san tsarin ba, ga yadda yake. Ana ba kowane ɗan ƙungiya goro biyu, fari da ja. Fari yana nufin na yarda, ja yana nufin ban yarda ba. Mutum zai shiga bayan labule shi kaɗai, ya tarar da tulu mai ƙaramin baki, wanda hannu ba ya shiga, da kuma buhu a gefe. Zai jefa zaɓinsa a tulu, ya jefa ragowar goron a buhu, ya fito hannu wofi. In an gama sai a juye tulun a kan tabarma, a ƙirga a idon kowa. Haka aka zaɓi shugabannin da suka gabace ka, har da mahaifina, suka yi zangonsu suka sauka, kuma albasa ba ta daina zuwa daga Nijar ba.

Ina ɗan makaranta na taɓa yi wa tsarin dariya, na ce wa mahaifina wannan ai ƙauyanci ne, mutane suna zaɓe da takarda mu muna yi da goro. Bai yi fushi ba. Ya ce tulu kowa ma zai iya tunaninsa, buhun ne hikimar. Ya ce saboda mai rauni aka ajiye shi, wanda ke kwana a zauren wani Alhaji, ko wanda 'yarsa ke aure a gidan shugaba. Irin wannan mutumin ba zai iya kallon idon mai gidansa ya ce a'a ba, amma a bayan labule shi da Alhajin duk goro ɗaya ke gare su. A lokacin ban gane ba, sai bana.

Na biyu, abin da ya faru ranar ƙuri'a.

Zangonka na biyu ya zo ƙarshe. Ranar Lahadin da ta biyo bayan Babbar Salla aka tara mu, aka ce tambaya ɗaya ce, a cire iyakar zango ko a bar ta. Ban ga laifin tambayar ba, domin ƙa'ida ta yarda a tambayi jama'a. Aka rataya labule kamar kullum, aka raba goro. Abin da kawai ya sauya shi ne, aka jera mu a waje, mai shiga ya shiga ta ƙofar gaba ya fita ta ƙofar baya, don haka na layi ba ya ganin wanda ya fito.

Ina cikin na farko-farko, a bayan Malam Isuhu, dattijon nan da ke sauke kayansa kusa da nawa. Na shiga, na jefa jan goro a tulu. Na juya in jefa farin a buhu, sai na ga babu buhu. Na ɗaga tabarma, na duba bayan tulu, babu. Na yi tunanin in cinye goron, sai na gane in da gangan aka ɗauke buhun, wanda ya fito hannu wofi ma ya tona wa kansa asiri. Na ɗaga labulen fita, sai ga teburinka, kana zaune da mutanen kwamiti, Lawali yana tsaye da faranti. Ya ce goro ya yi tsada bana, ba za a bar shi ya lalace a buhu ba, kowa ya ajiye ragowarsa a nan za a kai wa malamai sadaka. Na buɗe hannuna a gabanka. Ka dubi farin goron, ka dube ni, ka kawar da kai.

Malam Isuhu yana nan tsaye bai tafi ba, shi ma fari ya ajiye. Shi ne ya yi magana, ya ce, "To Lawali, da kun faɗa mana tun farko ai da ba a wahalar da labule ba." Wasu suka yi dariya, dariyar ta mutu nan take. Kafin a jima labari ya zagaya ya kai layi, kuma daga nan duk wanda ya fito jan goro yake ajiyewa a faranti, har da mutanen da suka rantse mini a magazin cewa ba za su yarda ba. Ban zarge su ba, kowa da bakunan da yake ciyarwa. Da aka juye tulu, jajayen ba su cika tafin hannu biyu ba. Aka yi kabbara, aka ce jama'a ta yarda.

Ranka ya daɗe, jama'a ba ta yarda ba, jama'a ta ji tsoro ne. Mai yiwuwa da an bar buhun a wurinsa ka ci ƙuri'ar nan da halalinka, domin kana da masoya da yawa. Yanzu kuwa babu wanda zai taɓa sani, har kai kanka. Wanda ya ɗauke buhun nan ya cuce mu, amma kai ma bai bar ka ba.

Na uku, maganar Malam Isuhu, Allah ya jiƙansa.

Ba a yi wata guda ba aka kira shi gaban kwamiti, aka ce ya yi wa shugabanci izgili, yana raba kan jama'a. Lawali ne ya kai ƙara. Lawali ne ya ba da shaida. Lawali ne kuma shugaban kwamitin da ya yanke hukunci, tare da ma'aji da surukinka. Ko a cinikin albasa ba ma yarda dillali ya zama shi ne mai saye, shi ne kuma mai riƙe sikeli. Amma a kan mutuncin dattijo mai furfura aka yarda.

Aka kore shi, aka fitar da buhunansa daga magazin ana tsakiyar damina. Ya jera su a bakin titi kusa da Kasuwar Guro, ya lulluɓe da leda, kuma ka san abin da ruwan Abidjan ke yi wa albasa. Warin ya kai har inda motocin haya na gbaka ke tsayawa ɗaukar fasinja. Direbobin da ke kawo kaya aka ce musu duk wanda ya ɗauko nasa ba zai sake sauke kaya a wurinmu ba. Mutumin da ke sayar da albasa mota guda ya koma kasa albasa a tire. Daga baya hawan jini ya kwantar da shi, bai tashi ba.

Ban ce kai ka kashe shi ba, ajali ne, kuma kowa da ranarsa. Abin da aka yi bayan rasuwarsa shi ne ya hana ni sukuni. Ɗansa ya je neman makara da motar ƙungiya, aka ce masa mahaifinsa ba ɗan ƙungiya ba ne. Aka bi mutane ɗaya-ɗaya ana ja musu kunne. A masallacin maƙwabtansa 'yan ƙabilar Jula muka ari makara. Sahun sallarsa bai cika ba, kuma Hausawan da ke ciki sun fi kama da masu satar hanya, kowa yana waige. Matan ƙabilar Guro da ke sayen kaya a hannunsa su ne suka cika tsakar gidan suna ce wa matarsa yako, yadda mutanen nan ke yin ta'aziyya. Wata a cikinsu ta tambaye ni ko mutumin nan ba shi da dangi ne a Abidjan.

Na je jana'izar, na kama makara. Lawali ya ce wannan shi ne laifina na biyu, na farkon kuwa bai faɗa ba, don ya san ba ya faɗuwa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, aka ce ka shafa wa naka ruwa. Ni nawa ya riga ya fara hayaƙi.

Na huɗu, abubuwan da ake faɗa don kare abin da aka yi.

Ana cewa Musulmi ba ya ɓoye-ɓoye, mai gaskiya ya faɗi ra'ayinsa a fili. To, ni dai ban taɓa jin Lawali ya faɗa wa mai saye nawa ya sari buhu ba, kuma ban ce ya fita Musulunci ba. Malamanmu ma sun ce sadakar ɓoye ta fi lada. Ra'ayin da mutum ya faɗa wanda ke riƙe da abincinsa yana kallonsa ba nasa ba ne, na mai kallon ne.

Ana cewa zaɓe da iyakar zango kayan Turawa ne. Wane Bature ne ya koya wa mahaifina tulu da goro? 'Yata Zainabu tana karatun shari'a a jami'a, takan zo mini da manyan kalmomin Faransanci, in ta fassara sai in ga abin da kuka yanke ne a kan tabarma. Mulki aro ne daga jama'a, kuma kayan aro ana mayarwa. Ƙa'ida tana sama da shugaba, domin ita ta ɗora shi. Mai ƙara ba ya zama alƙali. Masu rinjaye su ne za a bi, amma rinjaye bai ba su wuyan wanda ya ce a'a ba. Ni na faɗi ƙuri'a na karɓa, ban daina gaishe ka ba, ban daina zuwa taro ba. Abin da nake bin ƙungiya shi ne ta bar ni in zauna a cikinta da ra'ayina.

Ana kuma cewa babu kamarka, in ka sauka ƙungiya za ta watse. A nan zan faɗi gaskiya ko da masu goyon bayana ba za su so ba. Kai mutumin kirki ne. Kai ka yi ta zirga-zirga har muka sami magazin. A shekarun da garin nan ya rikice, lokacin da gardamar wa zai hau wa zai sauka ta bar akwatin zaɓe ta fito titi, kai ka riƙa bi gida-gida da shinkafa, har Arras ka ƙetaro gada ka kawo mana. Ba mu manta ba. Amma ba don shugaba nagari ake kafa ƙa'ida ba, don wanda ba a sani ba ne. Kai ba za ka dawwama ba, Allah ya ja kwana. Kujerar da ka cire wa iyaka, da kwamitin da ke ƙara yana hukunci, da farantin bakin labule, duk wani ne zai gaje su. Ka dubi waɗanda ke tsaye a bayanka, ka tambayi zuciyarka ko za ka so 'ya'yanka su buɗe hannu a gabansu. Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, amma bafade ma wata rana yakan zauna a kujerar.

Mu da muka ga rikicin garin nan da idonmu mun san yadda abin ke farawa. Ba da adda yake farawa ba. Yana farawa ne ranar da mutane suka daina yarda da ƙirga. Yanzu haka samarinmu sun rabu biyu, wasu suna cewa in aka kore ni za su ɓalle ƙofar magazin. Na roƙe su don Allah kada su yi, amma ban san ko za su ji ba, domin da Faransanci da Nushi, yaren titi na samarin garin nan, suke shirya abinsu, ba a gaban manya ba. Wannan ma yana cikin abin da nake tsoro.

Na biyar, halin da gidana yake ciki.

Kullum da safe in na hau mota daga Treichville zuwa Adjamé, ban san ko zan tarar da buhunana a ciki ko a titi ba. Mutanen da muka tashi tare, in na yi sallama sai su shiga duba waya. Makon jiya wasu samari biyu a kan babur suka tsaya a gindin benenmu suna tambayar mai shago wace ce ƙofar Salisu mai albasa, ba su hau ba, ba su bar saƙo ba. Wataƙila masu saye ne, ban sani ba. Tun ranar na hana ƙananan yarana wasa a ƙasa. Matata Rakiya ta ce in je in durƙusa in ce Shaiɗan ne, a wuce wurin. Na yi niyya, wallahi na yi, shi ya kawo ni ƙofarka. Amma ko an buɗe mini ban san me zan ce na tuba daga gare shi ba, jan goro ko ɗaukar gawar Musulmi.

Duk wannan zan iya jurewa. Albasa in ta ƙi, ina da lasin tuƙi, zan nemi tasi a Tashar Bassam in ci abinci. Abin da ba zan iya jurewa ba shi ne maganar Inna.

Ka san mahaifiyata ta daɗe a kwance, likita ya ce mu mayar da ita gida mu yi ta addu'a. Tun tana amarya aka kawo ta garin nan, danginta na can duk sun ƙare, ba ta da kowa sai matan ƙungiya. Babu gawar mace da aka yi a cikinmu tana da ƙarfi ba ta je wanka ba. Ba ta san komai ba a kan abin da ake ciki. Ta tambaye ni me ya sa Hajiya Babba ta daina zuwa, na ce mata ruwan sama ne da cunkoson motoci a gada. Sai ta ce, "Ba komai. In ta zo, ita za ta yi mini wanka, mun yi alkawari da ita tun kana goye." Na fita na tsaya a baranda don kada ta ga fuskata. In aka kore ni ranar Lahadi, bisa abin da aka yi wa Malam Isuhu, babu macen ƙungiya da za ta taka gidana. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma tawa ba za ta wuce ranar ba.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙona.

A sake ƙuri'ar, a mayar da buhu bayan labule, a ɗauke faranti. In jama'a ta ce ka zarce, ni zan fara zuwa yi maka mubaya'a.

In dole sai an yi mini shari'a, a nemo dattawan da ba su cikin shugabanci su saurara, a yi a gaban jama'a, Lawali ya tsaya a matsayin mai ƙara kawai. Abin da suka yanke na karɓa.

A mayar wa iyalan Malam Isuhu wurin mahaifinsu a magazin, kuma ka je da kanka ka yi musu ta'aziyya, ko da ta yi latti.

A rubuta a ƙa'ida cewa makara da mota da wankan gawa ba sa cikin hukunci, ko wane ne, ko me ya yi.

In kuwa duk waɗannan sun yi maka nauyi, to na janye su, na bar maka guda ɗaya. Ku kore ni, ku fitar da buhunana, ku ba wani wurina. Amma ka cire Inna daga cikin hukuncin. Ba ta jefa goro ba, ba ta je jana'iza ba, ba ta san ma an yi ba. Ka bar matarka ta cika alkawarinta.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya raba ka da masu gaya maka abin da kake son ji, ya sa ka gama da jama'a lafiya. Allah ya jiƙan Malam Isuhu da mahaifina da duk magabatanmu, ya zaunar da garin nan da ya riƙe mu lafiya.

Ina cikin rubutun nan Inna ta tambaye ni wa nake rubuta wa haka tun safe. Na ce kai. Fuskarta ta washe. Ta ce in gaishe ka da kyau, in ce maka kullum kana cikin addu'arta, kuma ka ce wa Hajiya Babba ta rage aiki ta leƙo ta tun tana gane mutane. Na isar da saƙo.

Wassalam.

Ɗanka,
Salisu Garba mai albasa,
Arras, Treichville.